Fuskar Ƙarfen da Kika Tafi da Ita Lyon

Stains, gefen Paris, ranar Lahadi

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da gajiyar hanya, da baƙunta, da sanyin garin nan da aka ce ya fi namu shiga ƙashi saboda koguna biyun da suka ratsa shi. Ina fata kin sauka lafiya, kin kuma tarar da ɗakin yadda aka kwatanta miki a waya, ba yadda masu ba da haya suka saba ba. Allah ya tsare ki a inda idona ba ya kaiwa, ya tsare hannuwanki daga wuta da bakin ƙarfe, ya haɗa ki da mutanen kirki. Mu nan lafiya lau. Ƙanenki Sani yana gaishe ki. Ya kwashe kayansa ya koma ɗakinki tun jirginki bai fita daga Paris ba.

Takarda na zaɓa, domin a waya ba kya bari in kai ƙarshen magana, ni kuwa na tsufa a aikin jarida, na saba a bar ni in kai aya. Ki karanta duka kafin ki yi fushi. In kin gama, sai ki yi.

Kin tafi ba ki yi sallama da innarku ba. Tsayawa a bakin ƙofar kicin da akwati a hannu a ce "na tafi" ba sallama ba ce, sanarwa ce. Ita ma ba ta juyo ba, na sani, ina wurin. Ta ce "Allah ya kiyaye" ga tukunya. Ku biyun kun gajiyar da ni, kuma tunda ke ce ƙarama, ke zan fara yi wa magana.

Bari in faɗi abin da ya faru yadda na gan shi, don kada mu yi gardama a kan tushe. Makarantarku ta baje ayyukan ɗaliban da suka gama, kika gayyace mu. Innarku ba ta taɓa gane dalilin da 'yar da ta ci jarrabawa da kyau za ta zaɓi ƙira da walda ba, amma ta ɗinka sabuwar shadda saboda ranar, ta gayyato maƙwabciyarmu Hajiya Balki da wata ƙawarta, ta dafa guzuri kamar Maradi za mu. Muka shiga zauren, muka wuce ayyukan 'yan ajinku, muka iso naki. Fuskar mace ce da fallen ƙarfe, ido a buɗe, baki kuwa kin liƙe shi da walda mai kauri daga wannan gefe zuwa wancan, kamar ɗinkin buhu. A ƙasa an rubuta da Faransanci cewa mahaifiyarki ce. A gefe kuma ga bayani, wai a al'adarku ba a ba mace damar kuka, wai kin tashi a hannun uwar da ba ta taɓa kiran sunanki ba.

Ko a nan da an tsaya, da da sauƙi. Sai malamarku ta taho da gashinta ja, ta kama hannun innarku da hannu biyu, ta ce ta yi farin cikin ganin matar da kanta, ta kuma fahimci irin wahalar da ta sha. Hajiya Balki ta fi ni jin Faransancin kasuwa. Nan take ta fassara wa ƙawarta, har da abin da malamar ba ta faɗa ba. Innarku ta daɗe tana duban fuskar, sa'an nan ta ce, "An yi ƙoƙari. Allah ya sa albarka." Ta tambaye ni ko akwai inda za ta yi la'asar. Ke kuwa na ga idonki, kin ɗauki wannan a matsayin shaida: ga shi nan, ko yanzu ba ta ce komai ba. Kafin Juma'a labari ya je Maradi ya dawo da ƙari, wai kin ƙera gunkin uwarki kin ɗinke masa baki don kada ta tsine miki.

Yanzu kuma maƙerar Lyon da ta ɗauke ki koyon aiki saboda wannan fuska tana so ta sake nuna ta idan sanyi ya wuce, da sunan nan, da bayanin nan. Kin ce mini in Inna ba ta so, ta buɗe baki ta faɗa. Ba za ta faɗa ba, kin kuwa sani. Za ta bari a nuna, za ta ci gaba da aiko miki da yaji da kuka, kuma za ku iya yin shekaru a haka kuna gaisawa kamar maƙwabtan bene. Na ga gidajen da haka ta faru. Abin da nake gudu ke nan.

Ba zan ce laifinki ne ke kaɗai ba. Wani ɓangaren maganar da ke jikin takardar nan daga bakina kika ɗauke ta. Kina ƙaramar budurwa na kai ki babban gidan nan na ajiye ayyukan fasaha a tsakiyar Paris, wata Lahadi da ruwa ya hana mu yawo. Muka tsaya gaban fuskar nan ta ƙarfe da maƙerin Sifaniya ya yi, ta macen ƙauye mai ihu, baki a wage. Kika tsaya kamar an dasa ki. Ni kuma, don in nuna na karanta littattafai, na ce miki waɗannan mutane sun san yadda ake baƙin ciki, mu kuwa sai dai mu haɗiye. Magana ce irin ta ɗan jarida, gajera, mai daɗin ji, rabinta ƙarya. Ni na manta da ita kafin mu kai tashar metiro, jirgin cikin gari. Ke kika riƙe ta har kika gina sana'a a kanta. Saboda haka ki yi hattara da maganar da ta zauna daidai a baki da wuri. Idan kika ji kin taƙaita mutane dubbai a layi guda, ki koma ki duba, akwai wanda kika danne.

Tun daga ranar baje kolin na koma gidan fasahar nan sau da yawa, na kuma fito da littattafan da ke kan maƙeran Sifaniyan nan na sake karantawa, domin in za a yi mini rashin kunya da sunansu, gara in san abin da suka yi. Ga abin da na gani, ki gwada shi da abin da aka koya miki.

Mutanen nan 'ya'yan maƙera ne da masu aikin hannu, suka baro Barcelona suka zo Paris neman abin yi, kamar yadda namu suke zuwa. Kafin su, in za a yi mutum-mutumi, dutse ake nema ko tagulla, kuma na mai mulki ne ko na mayaƙi. Baƙin ƙarfe na ƙofa ne da garma da bindiga. Wanda kika fi so a cikinsu, wanda ya yi mai ihun, a masana'anta ya koyi walda, lokacin yaƙin duniya na farko, yana leburanci. Ya ɗauki ƙarfen talaka ya yi fuskar talaka da shi, bai kuma ɓoye wurin haɗi ba, ya bar tabon wuta a fili. Wannan kin koya, kin ma iya. Abin da ba ki koya ba shi ne inda ya ajiye ciwon.

Ke baki kika gani. Ki koma ki rufe bakin mai ihun nan da tafin hannunki daga nesa, ki dubi saura. Ciwon bai tafi ba. Yana nan a kuncin da ya ja, yana nan a goshi, yana nan a idon da ba ido ba ne, rami ne kawai da aka yanke. Ki zagaya gefe ki leƙa: babu kai, babu ƙeya, falle ne da iska a bayansa. Mutum ne da aka kwashe cikinsa aka bar fatar. Akwai wani ɗan ƙasarsu da ya yi namiji a tsaye, hannu a sama yana kira kamar mai wa'azi a kasuwa. Shi ma ba muryar ce ke tsorata mai kallo ba, ƙirjin ne, wanda kike hango bangon ɗaki ta cikinsa. Mutanen nan da abin da suka cire suka yi magana, ba da abin da suka ƙara ba. Ke kuwa ƙari kika yi. Kin tula walda a baki don kada wani ya wuce bai gane ba, sa'an nan kika ƙara takarda don wanda waldar ba ta ishe shi ba.

Ga kuma abin da malamarku ba ta gaya miki ba, ko ta gaya miki ba ki ji ba. Kafin ya yi mai ihun, mutumin nan ya yi wata mace, ita ma ta ƙauye, lokacin da 'yan ƙasarsa suke yaƙi da junansu. Ni a littafi na gan ta, tana wata ƙasa. A tsaye take cak, ɗa a hannu ɗaya, lauje a ɗayan, ba ta ihu. Na daɗe ina duban hoton, kuma in aka ce in zaɓi wadda ta fi ɗaukar kaya tsakanin su biyun, ita zan nuna. Ihun daga baya ya zo, da aka ci su da yaƙi, da wani yaƙin ya biyo shi har nan, har gas ɗin walda ya gagara, ya koma aiki da filasta, farar ƙasar nan ta shafen gini. Shi kansa kuma, da ɗan'uwansa ya rasu yana saurayi, ba ihu ya yi ba. Janyewa ya yi daga abokansa, ya yi shekaru kusan ba a jin ɗuriyarsa. Wanda kika ɗauka sarkin masu kuka ya san shiru fiye da ke. Ya san su duka biyu, bai kuma ce ɗaya gaskiya ce ɗaya ƙarya ba.

Abu na ƙarshe a kansa: matan da ya ƙera, a gefensu ya tsaya. Ke a gaban taki kika tsaya, kina nuna ta da yatsa. Wancan hoto ne, naki ƙara ce kika kai gaban baƙi.

Na san yadda ake wannan kuskure, domin na yi shi a jarida da sunana a ƙasa. Ina sabon ɗauka a Yamai aka aike ni wani ƙauye a ƙasar Tasawa, inda rijiya ta rufta da wani saurayi mai yasa. Na isa gidan makoki da littafina da na'urar ɗaukar hoto. A tsakar gida ga wata mata tana birgima, tana kiran sunansa, mata uku sun riƙe ta. Na ce ga uwar. Na ɗauki hotonta, na rubuta abin da take faɗa, na yi labari mai taɓa zuciya, aka buga, aka yaba mini. Akwai wata da ta kawo mini ruwa a kwanon sha, ta durƙusa, ta yi mini sannu da hanya, ta tambaye ni ko na ci abinci. Ban ko dubi fuskarta sosai ba. Bayan makonni na haɗu da wani mutumin ƙauyen a tasha, ya ce an karanta musu labarina, an yi ta mamaki. Mai birgimar matar kawunsa ce. Uwar ita ce mai ruwan. Ɗanta na fari ne, kuma a gaban mutane ba za ta yi kukansa ba ko za ta mutu. Ni Bahaushe ne, a cikin wannan al'ada aka haife ni, amma makarantar boko da aikin jarida sun koya wa idona bin mai ƙara. Saboda haka duk inda kika shiga, a Lyon ko a ko'ina, kafin ki yanke hukuncin wa abu ya fi ci, ki tambayi wane ne wane. Ki kuma dubi wanda hannunsa ke aiki.

Sai maganar suna, wadda kika rubuta wa Faransawa. Gaskiya ne, innarku ba ta taɓa kiran sunanki ba. Tana cewa "ke", tana cewa "waccan", in ta ji daɗi ta ce "yarinyar nan". Kin san dalili a sama-sama: ke ce ta fari, ana kunyar ɗan fari, ga shi kuma sunan mahaifiyata kika ci, surukarta, wanda ni ma ba na iya faɗa, shi ya sa nake ce miki Ummi. Amma ban taɓa zaunar da ke na yi miki bayani ba, kuma na sami dama. Kina ajin farko a lakol ɗin unguwa malamarku ta kira mu, wai kin gaya mata mamanki ba ta san sunanki ba. Na sa kwat na je, na yi wa matar nan lacca a kan al'adun Hausawa har ta fara duban agogo. Na fito ina jin daɗin kaina. Ke kina zaune a benci a waje kina kaɗa ƙafa, na kama hannunki muka sayi burodi muka koma gida. Na yi wa baƙuwa bayani, na bar mai tambayar. Na ɗauka abin a jini yake, za ki gane da kanki kamar yadda muka gane. Na manta mu a gari muka tashi inda kowace uwa haka take yi, ke kuwa a bene kika tashi inda uwar kowa ke leƙowa ta taga tana kiran sunan ɗanta da "masoyina" a gaba.

To ga bayanin, ko da ya makara. Ba a ɓoye sunan abin da ba a damu da shi ba. A wurinmu abin da ya fi kusa da rai shi ake kawar wa da kai a gaban mutane, don kunya, don kuma tsoron baki da ido. Ba na cewa tsarin ya dace da yaron da ya tashi a Stains. Ina ganin ma bai dace ba, na kuma gaya mata, ta ce in bar ta ta mutu yadda aka haife ta. Kina da hakkin ki ce abin ya yi miki ciwo. Ba ki da hakkin ki ce babu komai a bayansa, domin ba ki leƙa ba.

Kin kafa hujja da ranar da wuta ta ci hannunki a makaranta aka kwantar da ke a likita. Kin ce matar gadon kusa uwarta ta rungume ta tana kuka, taki kuwa ta zauna a kujera ta ce sannu, ta yi ta duban bango, ta tashi ta tafi. Haka aka yi. Ga ragowar, wadda aka hana ni faɗa, zan kuwa sha faɗa a kanta. Da ta fita, matar da ta san layukan bis ɗin nan fiye da direbobinsu ta shiga wanda ba nata ba, ta zauna har ƙarshen layi, sai da direba ya zo ya ce mata madam an iso. Ta kira ni daga wata unguwa da ba ta san sunanta ba. Da na je ɗaukarta na tarar da ita a benci, rungume da filas ɗin kunun da ta dama miki tun safe, ta manta ba ta ba ki ba. Ba ta yi kuka ba, kada ki ce na ƙara gishiri. Ta ce mini dai ta ga naman hannun. Muka zauna tare a bencin, sa'an nan na kai ta gida.

Kuma don Allah, wace al'ada ce mata ba su da baki a cikinta? Kin taɓa jin innarku a waya da ƙannenta na Maradi? Kin taɓa ganin ta da mai kifi a kasuwa? Ni da na zauna da ita tun kafin a haife ki, ban ga ranar da na ci gardama ba. Abu ɗaya ne ba ta magana a kansa, shi ne ke. Da wani ɗan koyo ya kawo mini wannan bayani naki a ofis, da na mayar masa na ce ya je ya yi hira da matar tukuna.

A ranar baje kolin ma ban taimaka ba. Da kika tambaye ni yaya na gani, sai na ce waldar ta yi kyau, haɗin kuncin ya fita. Na gudu cikin maganar sana'a, kamar yadda ita ta gudu wurin salla. Da na ja ki gefe a lokacin na ce kin ji wa mutum ciwo, da wata uku ɗin nan ba su tafi a banza ba. Idan abu ya ɓaci tsakaninki da wani a inda kike, ki faɗa a ranar, da kalmomi marasa ado.

Kada ki ɗauka ina tare da masu cewa ki bar sana'ar. Alhaji Mamman mai shago ya tare ni bayan Juma'a, ya ce yaya mutum mai ilimi kamata zai bar 'yarsa tana ƙera gumaka. Na ce masa maganar siffa a addini magana ce mai nauyi, malamai sun yi ta, ke ma kin san da ita, tsakaninki ne da Ubangijinki da malamin da kika yarda da shi, ba a bakin shago za a yanke ta ba. Ya ce ai mace da wuta ba su dace ba. Na tambaye shi wa ke dafa masa tuwo. Ba don ya burge ni na kare ki ba, don aikinki yana da kyau ne. Hannunki ya iya. Idonki ne bai gama koyo ba.

Sauran kuwa kin san su. Ki sa gilashin fuska ko aikin na ɗan lokaci ne, na ga kina ɗaga shi sama kamar hula. Ki ɗaure mayafinki ciki, kada ki sa mai santsi kusa da tartsatsi. Mai maƙerar ki gaishe shi kafin ki tambaye shi abu, ko da su ba su saba ba. Ki ci abinci mai zafi. Ki riƙe sallarki, ba don Hajiya Balki ba.

Ban ce ki fasa fuskar ba, ban ce ki ɓoye ta ba. Taki ce. Abin da na roƙa shi ne kada ki bari a sake rataye ta da sunan nan sai kin ji wannan.

Shekaranjiya da hantsi ina zaune da littafin hotunan nan a buɗe a kan tebur, innarku ta zo ɗaukar kofi, ta tsaya a bayana. Na ɗauka faɗa za ta yi a kan na cika tebur. Sai ta sa yatsa a kan macen Sifaniyan, ta ce ashe ga inda aka samo. Na ce aka samo me? Ta ce ɗaurin.

Na fito da hoton aikinki a waya na ajiye kusa da littafin. Ni da nake taƙama da ido, na je baje kolin, na koma gidan kallo sau da yawa, ban lura ba. Kallabin da kika yi wa fuskar ya rufe kunnuwa ya sauko ta kumatu zuwa haɓa, irin na matan ƙauyen Sifaniya. Innarku tun tana budurwa a baya take ɗaurawa, ta ture shi gefen hagu, kunne a waje saboda 'yan kunne, bakin kallabin ɗaya a tsaye.

"Ni bakin bai dame ni ba," in ji ta. "Yaro yana fushi, ya faɗi abin da ya ga dama. Amma tun tana goye take ganin ƙeyata. A ce ba ta san yadda nake ɗauri ba?"

Na ce to in rubuta miki haka? Ta ce in rubuta abin da na ga dama, ai ni ba a raba ni da rubutu. Ta ɗauki kofin ta kai bakin ƙofa, ta tsaya ba ta juyo ba.

"Ka ce wa waccan in ta zo hutu, in tana so, zan zauna mata. Ta duba da kyau. Amma ba a gaban su Balki ba, kuma ba zan yini ba, ina da aiki."

Ummi, a sanina ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ita kaɗai ba, sai na fasfo. Kada ki jira hutu kafin ki amsa. Ki kira ta, ba ni ba, wayarta. Za ta tambaye ki sanyi, ta tambaye ki ko kin ci abinci, ta ce ga Sani. Ki ce ba Sani kike nema ba. Ki ce kin ji saƙo, za ki zo da takarda da fensir. Za ta ce to. Kada ki nemi fiye da wannan "to" ɗin a ranar farko, babba ce.

Allah ya yi miki albarka, ya buɗa miki ido da zuciya, ya sa ki gama lafiya ki dawo mana da hannuwanki biyu cikakku. Allah ya tsare fitarki da shigarki a garin da ba mu da kowa, ya raba ki da sharrin mutum da na ƙarfe. Ya sanyaya tsakaninki da wadda ta haife ki tun ina da rai in gani. Amin.

Wayarta tana kan firji, ta ƙara mata ƙara tun ranar da kika tafi.

Ni ne mahaifinki.